Ruwan Waye? Tarihin Shari'ar Ruwa Tsakanin Gwamnatin Amurka Da Masu Gonaki

 Ga shirinmu na wannan makon a rubuce, saboda waɗanda data ta hana su saurare, da waɗanda dama karatu ya fi musu daɗi.

Yau tafiyar mai nisa ce, yammacin Amurka za mu je, kuma maganar ruwa za mu yi. Ga tambayar: idan gwamnati ta ware fili ta ce wannan mazaunin al'umma kaza ne, ko gandun daji ne, shin ruwan da ke ratsa filin yana cikin abin da ta ware? Ko kuwa duk wanda ya riga haƙa magudana ya janye shi, ya zama nasa? Amurkawa sun haura shekara 100 suna shari'a a kan wannan, har yau ba a rufe fayil ɗin ba. Abin da nake so mu tashi da shi guda ɗaya ne. Kotu za ta iya ba mai rauni haƙƙin ruwa a rubuce, amma ruwan takarda daban, ruwan randa daban. Akwai al'ummomin da suka yi shekara ɗari suna tafiya daga wannan zuwa wancan, wasu har yanzu suna kan hanya.

DOKAR WA YA RIGA

Bari mu fara daga tushe. Turawan da suka zauna a gabashin Amurka sun zo da dokar ruwa ta Ingila. A wannan dokar, wanda gonarsa ke bakin kogi shi ke da ikon amfani da ruwan, daidai gwargwado, ba tare da ya cuci maƙwabcinsa ba. Wannan ya dace da ƙasar da damina ke wadata ta. To amma da zarar ka ratsa tsakiyar Amurka ka nufi yamma, labari ya sha bamban. Wurare da yawa ruwan saman da ke sauka a shekara bai kai milimita 500 ba, wato bai kai na Kano ba. In babu ban-ruwa, babu noma.

A 1848 aka gano zinare a Kalifoniya, mutane suka yi ta tururuwa. Wankin zinare ruwa yake ci, kuma sau da yawa ramin haƙar yana nesa da rafi. Ƙasar ma ba ta mahaƙan ba ce, ta gwamnatin tarayya ce, don haka ba mai bakin cewa shi maƙwabcin kogi ne. Sai suka yi wa kansu ƙa'ida: wanda ya riga jan ruwa ya yi aiki da shi, shi ne a gaba. A 1855 babbar kotun Kalifoniya ta amince da hakan a shari'ar Irwin da Phillips. A 1866 majalisar tarayya ta yi dokar ma'adinai da ta yarda da irin wannan haƙƙi. A 1877 ta ƙara da dokar filayen hamada, wadda ta ba mutum damar mallakar eka 640 a kan dala 1.25 kowace eka, muddin ya kai mata ruwa cikin shekara uku. A 1882 kotun Kolorado ta ce a jiharsu dokar maƙwabcin kogi ba ta da wurin zama ko kaɗan.

Ga yadda tsarin yake aiki. Kowa yana da kwanan watan da ya fara jan ruwa. Idan fari ya zo, ba a raba asarar daidai. Mai takardar 1880 zai ɗebi kasonsa cif kafin mai takardar 1900 ya ga ɗigo ɗaya. Sharaɗin shi ne ka riƙa amfani da ruwan, in ka bar shi tsawon wasu shekaru ka rasa shi.

Ku lura da wanda wannan doka ta yi wa daɗi: mai jarin haƙa magudana, kuma wanda ya san hanyar ofishin rajista. Su kuwa 'yan asalin ƙasar, waɗanda da yawanmu muka taso muna kira Indiyawan daji, sunan da ya kamata mu ajiye, a daidai wannan lokacin ne ake ƙwace ƙasarsu ana tara su a keɓaɓɓun yankuna. Ba jari, ba lauya. A tseren wa ya riga, an fara gudu tun suna ɗaure.

KOGIN MILK, 1905

Mu je jihar Montana, can arewa kusa da iyakar Kanada. Akwai kogin da ake kira Milk, wato Madara, saboda launin ruwansa. A 1888 gwamnatin Amurka ta ƙulla yarjejeniya da ƙabilun yankin, suka sallama miliyoyin eka, aka bar wa ƙabilun Gros Ventre da Assiniboine wani yanki mai suna Fort Belknap. Iyakar yankin ta arewa ita ce tsakiyar kogin Milk. Mutanen nan da farautar ɓauna suke rayuwa, kuma zuwa lokacin an kusa ƙarar da ɓaunar kakaf. Gwamnati ta ce musu su zauna wuri guda su koma noma da kiwo. Amma yarjejeniyar ba ta faɗi komai a kan wanda ke da ruwan kogin ba.

Turawa 'yan kama-wuri-zauna suka sauka a saman kogin, suka yi madatsai da magudanai, suka yi rajista bisa dokar Montana. A 1905 aka yi mummunan fari. Na sama suka janye ruwan, kogin ya ƙafe kafin ya iso Fort Belknap. Lauyan gwamnatin tarayya a Montana, Carl Rasch, ya shigar da ƙara a madadin ƙabilun, alƙali William Hunt ya ba da umarnin a bar musu ruwa ya wuce. Manoman suka ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli. Sunan ɗaya daga cikinsu, Henry Winter, shi ya hau kan fayil, aka yi kuskuren ƙara masa harafi ɗaya, shi ya sa har yau ake cewa shari'ar Winters.

Hujjar manoman ba ta banza ba ce fa. Sun ce gwamnati ce ta gayyace su su zo su raya ƙasar. Sun ce sun kashe sama da dala 100,000 a aikin ruwa, sun bi doka, sun yi rajista. Sun ce takardar 1888 ba ta ware ruwa ba, kuma tun da Montana ta zama jiha a 1889, dokar jiha ce ke iko da ruwanta.

Ranar 6 ga Janairu 1908 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, alƙalai takwas a gefe guda, ɗaya ya saɓa. Mai shari'a Joseph McKenna ne ya rubuta. A taƙaice, kotu ta ce ƙasar nan busasshiya ce, in ba ruwa ba ta da wani amfani. Ta yaya za a ce mutane sun yarda su rage ƙasarsu don su koma noma, sannan a lokaci guda sun sallama ruwan da noman ba zai yiwu ba sai da shi? Ta ce idan akwai shubuha a irin wannan yarjejeniya, a fassara ta yadda 'yan asalin ƙasar za su fahimce ta. Don haka ranar da aka ware filin, an ware ruwansa, ko an rubuta ko ba a rubuta ba.

Daga nan aka haifi abin da ake kira keɓaɓɓen haƙƙin ruwa na gwamnatin tarayya, kuma ya sha bamban da dokar wa ya riga ta fuska uku. Na farko, kwanan watansa shi ne ranar da aka ware filin, ba ranar da aka fara jan ruwa ba. Da yake an ware yawancin yankunan ƙabilun tun kafin Turawa su cika wuraren, sai suka koma kan gaba a layi. Na biyu, ba ya mutuwa don ba a yi amfani da shi ba. Na uku, ba izinin jiha ya ba da shi ba, don haka jiha ba ta iya soke shi.

Yanzu ka sa kanka a takalmin manomin da ke da takardar 1910, a ce kakansa ya haƙa magudanar, ubansa ya ci bashin banki a kanta. Rana ɗaya a ce masa akwai wani haƙƙi na 1888 a gabansa, wanda ba a rubuta a rajistar jiha ba, kuma ba wanda ya san yawansa. Dole hankalinsa ya tashi. Nan ne asalin rikicin, kuma ni a ganina laifin na wanda ya yi wa mutum biyu alƙawarin ruwa ɗaya ne.

HANNUN DAMA YA BAYAR, NA HAGU YA KARƁE

Za ku zaci bayan 1908 ruwa ya wadaci ƙabilun. Ina! Tun 1902 majalisa ta yi dokar gina madatsai da manyan ayyukan ban-ruwa a yamma. Hukumar da ke gina madatsan, da hukumar da ke kula da al'amuran 'yan asalin ƙasa, duk a ƙarƙashin ma'aikata ɗaya suke, ma'aikatar cikin gida. Ɗaya tana da kuɗi da 'yan majalisa a bayanta, ɗaya kuma amanar mutanen da ba su da murya a Washinton aka ba ta. Kun san wadda za ta yi nasara.

A 1922 jihohi bakwai suka zauna a Santa Fe, ƙarƙashin jagorancin Herbert Hoover, suka raba ruwan kogin Kolorado a tsakaninsu. Ba ƙabila ko ɗaya a teburin. Jimla guda aka saka, cewa yarjejeniyar ba ta shafi nauyin da ke kan gwamnati game da ƙabilun ba. Shi ke nan.

In kuna son ganin abin da hakan ke nufi a jikin mutum, ku dubi ƙabilar Pima ta Arizona, waɗanda ke kiran kansu Akimel O'odham, wato mutanen kogi. Manoman rani ne tun kaka da kakanni a bakin kogin Gila, har alkama suke sayar wa matafiya da sojojin Amurka. An ware musu yankinsu a 1859. Daga shekarun 1870 zuwa 1880 Turawa suka tare ruwan daga sama, gonaki suka mutu, yunwa ta shigo, masu ciyar da baƙi suka koma karɓar tallafin fulawa da kitse da abincin gwangwani daga gwamnati. Daga baya suka zama cikin al'ummomin da ciwon suga ya fi yi wa katutu a duniya. A 1973 wani kwamitin ruwa na ƙasa da majalisa ta kafa ya fitar da rahoto, ya ce a shekaru 50 da suka biyo bayan Winters, gwamnati ta yi ta gina ayyukan ban-ruwa a kogunan da ke ratsa yankunan ƙabilu ba tare da ta ko auna haƙƙinsu ba, balle ta kare shi. Gwamnati ce da kanta ta faɗa.

DAGA ƘABILU ZUWA FILAYEN GWAMNATI

To, yaya aka yi wannan haƙƙi ya tsallaka daga yankunan ƙabilu zuwa sauran filayen gwamnati? Sai mun san girman filayen tukuna. Gwamnatin tarayyar Amurka tana riƙe da eka kusan miliyan 640, wajen kashi 28 cikin 100 na ƙasar, kuma yawanci a yamma. A jihar Nebada kaɗai, kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasar nata ne. Koguna da yawa na yamma daga duwatsun da ke cikin waɗannan filaye suke tasowa.

Tun farko masu garken shanu sun gano wata dabara. Ba sai ka mallaki daji duka ba. Ka mallaki 'yar eka 160 da ke kewaye da idon ruwa, ka kewaye ta da waya, shi ke nan dubban ekokin kiwo na gwamnati da ke zagaye sun zama naka, domin ba mai kawo dabba inda ba za ta sha ba. Don toshe wannan ne a watan Afrilu 1926 Shugaba Calvin Coolidge ya sa hannu a umarnin da ya keɓe duk wani marmaro da mashaya da ke filin gwamnatin da ba a raba ba, su zauna na jama'a.

Sai 1963, a shari'ar Arizona da Kalifoniya kan kogin Kolorado, Kotun Ƙoli ta yi abu biyu. Ta ba ƙabilu biyar na ƙasan kogin kaso mai lamba, ta hanyar auna duk ekar da za a iya nomawa da ban-ruwa a yankinsu. Ekokin sun kai wajen 135,000, ruwan kuma kusan ma'auni miliyan ɗaya a shekara. Ma'aunin nasu shi ne ruwan da zai shafe eka ɗaya zurfin ƙafa ɗaya, wato lita miliyan 1.2 da ɗoriya. Abu na biyu, ta ce ƙa'idar Winters ta shafi sauran filayen da gwamnati ta keɓe, irin su gandun daji da mafakar tsuntsaye da wurin shaƙatawa na tafkin Mead. Nan fa jihohin yamma suka ga abin ya zo ƙofar gida.

KIFI DA ATTAJIRI

Shari'ar da ta fi yin suna a wannan babin a hamadar Nebada aka yi ta. Akwai wani rami a cikin dutse da ake kira Devils Hole, wato Ramin Shaiɗan, cike da ruwan ɗumi mai zurfi. A cikinsa akwai wani ɗan kifi da tsawonsa bai wuce inci ɗaya ba, kuma duk duniya nan ne kawai gidansa na asali. Abincinsa da wurin ƙwansa duk a kan wani ɗan fallen dutse ne da ke ƙasa da saman ruwan kaɗan, inda rana ke haskawa gansakuka ta fito. In ruwa ya ja baya dutsen ya bayyana, kifin ya ƙare. A watan Janairu 1952 Shugaba Harry Truman ya keɓe eka 40 da ke kewaye da ramin, kuma takardar ta ambaci ruwan da kifin.

A kusa da wurin akwai gandun iyalan Cappaert, eka 12,000, da shanu wajen 1,800, da ma'aikata sama da 80, da jarin da ya haura dala miliyan 7. A 1968 suka fara zuƙo ruwan ƙarƙashin ƙasa daga rijiyoyin da ke nisan kilomita huɗu da ramin. Ashe jijiyar ruwan ɗaya ce. Akwai wata alamar tagulla da aka kafa a bangon ramin a 1962. Da can ruwan yana ƙafa 1.2 ƙasa da alamar, zuwa 1972 ya sauka kusan ƙafa 4. Hukumar ruwa ta jihar Nebada ta ba iyalan izini duk da ƙorafin gwamnatin tarayya, sai tarayya ta tafi kotu a 1971. Gari ya rabu biyu, har a bayan motoci ana liƙa takardu, wasu na cewa a ceci kifin, wasu na cewa a kashe shi.

Ranar 7 ga Yuni 1976 alƙalan Kotun Ƙoli tara suka yi baki ɗaya. Sun ce haƙƙin ramin na 1952 ne, na iyalan na bayan 1968 ne, kuma ba bambanci ko daga sama ka janye ruwan ko daga ƙasa. Amma suka sa iyaka: gwamnati ba ta da komai sai gwargwadon abin da zai cika manufar da aka keɓe wurin dominta. Ba a rufe rijiyoyin ba, cewa aka yi a rage zuƙa har ruwan ya rufe dutsen. Kifin yana nan, ko da yake a 2013 guda 35 kawai aka ƙirga.

KOTU TA JA LINZAMI

Shekara biyu bayan haka sai guguwar ta juya. A jihar New Mexico, hukumar gandun daji ta nemi a ware wa gandun Gila ruwa daga kogin Mimbres domin kifaye da namun daji da masu yawon buɗe ido da shayar da dabbobi. A watan Yuli 1978 Kotun Ƙoli, da alƙalai biyar a kan huɗu, ta ce a'a. Mai shari'a William Rehnquist ya ce dokar 1897 da ta kafa tsarin gandayen manufa biyu gare ta: samar da katako, da kare tushen ruwa domin mutanen da ke ƙasa. Duk abin da ya wuce wannan, gwamnati ta je ta bi layi a ofishin jiha kamar kowa. Ya kuma tunatar cewa a kogin da aka riga aka rabe, duk galan ɗin da gwamnati ta riƙe daga bakin wani aka cire shi.

Akwai kuma wata doka ta 1952 da Sanata Pat McCarran na Nebada ya kawo, wadda ta ba kotunan jihohi ikon jan gwamnatin tarayya cikin shari'ar raba ruwan kogi gaba ɗaya. Daga baya Kotun Ƙoli ta ce har haƙƙin ƙabilu ya shiga ciki. Irin wannan shari'a kowa da ke shan kogin sai ya zo ya kare takardarsa. Ta kogin Big Horn a Wyoming an fara a 1977, an gama a 2014. Ta kogin Snake a Idaho ta ci daga 1987 zuwa 2014, an tantance haƙƙoƙi sama da 150,000. Ta kogin Gila a Arizona an fara a 1974, har yanzu ana yi. Wanda aka haifa ranar da aka shigar da ita yau ya yi jika.

RUWAN TAKARDA

Ganin shari'a ba ta ƙarewa, kuma ko ka ci ba ta zuwa da kuɗin bututu, sai aka koma sulhu. Ƙabila ta yarda ta rage wani abu daga haƙƙinta, a ba ta lamba tabbatacciya da kuɗin gina hanyar ruwa, su kuma manoma da birane su san matsayinsu. Ta haka a 2004 al'ummar kogin Gila, jikokin Pima ɗin nan, suka samu ma'auni 653,500 a shekara. Ku ƙirga daga 1859, shekara 145 ke nan.

Wasu ko hakan ba su samu ba. Ƙabilar Navajo tana da yarjejeniya tun 1868, yankinta ya haura eka miliyan 17, amma kusan gida ɗaya cikin uku ba shi da ruwan famfo, sai an ɗauko a mota daga nesa. Sun kai ƙara suna neman gwamnati ta auna bukatarsu ta tsara yadda za a biya ta. Ranar 22 ga Yuni 2023 Kotun Ƙoli, biyar a kan huɗu, ta ce haƙƙin ruwan suna da shi, amma yarjejeniyar ba ta wajabta wa gwamnati ta tashi ta samo musu ruwan ba. Fort Belknap kuwa, inda aka faro komai, sai a 2001 majalisar Montana ta amince da yarjejeniyar kasonsu, kuma sama da shekara 20 bayan nan tana jiran majalisar tarayya.

ME YA SHAFE MU?

Dokokinmu ba irin nasu ba ne, mu ba mu da tsarin kwanan wata. Amma tambayar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A Najeriya, doka mai lamba 101 ta 1993 ta damƙa wa gwamnatin tarayya ikon ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya, ta kuma bar wa mutum damar ɗibar na amfanin gida da shayar da dabbobi kyauta. Kun tuna yadda aka kai ruwa rana kan ƙudirin dokar albarkatun ruwa a majalisa a 2020 da 2022. Kun san kuma yadda madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suka canja ambaliyar da fadamun Haɗeja zuwa Nguru suka dogara da ita. Na sama da na ƙasa, mai injin da mai garke, mu ma muna da su.

Abin da ke damuna shi ne, duk lokacin da maganar ta taso, mu matasa sai mu rabu gida biyu a intanet. Wasu su ce gwamnati ta karɓe komai, wasu su ce ta cire hannunta. Tarihin nan ya nuna kowanne da ramin da ke gabansa. Da aka bar wa ya riga, mai kuɗi ya shanye kogin Milk da na Gila. Da gwamnati ta riƙe amana, ta yi shekara 50 tana gina wa wasu madatsai da ruwan masu amanar.

Don haka idan an kawo mana doka ko aikin da zai keɓe ƙasa ko ruwa, ko gandun kiwo ne ko dam ne, ga abin da nake ganin ya kamata mu tambaya. Domin wa aka keɓe, kuma an rubuta sunansu da manufar ƙarara? Kun ga kifin Nebada ya tsira ne saboda takardar Truman ta ambace shi, kifayen Mimbres kuwa dokar 1897 ba ta san da su ba. Nawa ne kason, da lamba, kuma wa zai fara haƙura idan fari ya zo? Sannan wa zai biya kuɗin kai ruwan, kuma a wace kotu za a kama shi idan bai kai ba? Navajo sun samu amsar tambaya ta farko tun 1868, rashin amsar ta ƙarshe ya bar su da jarkoki. Alƙawari kaya ne, amma sai an rubuta wanda zai ɗauka.

A nan za mu dasa aya. Ku faɗa mana, a garinku wa ke iko da ruwan rani, sarkin ruwa ne, hukuma ce, ko mai babban inji? Wanda ya amfana ya tura wa wani. Sai mun haɗu a shiri na gaba idan Allah ya kai mu.